Ƙwallon Aduwa a Naɗin Hulata

Tun da na dawo daga Guangzhou ban sha shayi da zafinsa ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya dafa ni: "Alhaji Garba, wai da gaske an kama ka da bindiga a Chana?" Wani ma cewa ya yi an gan ni a talabijin ina riƙe da wutar Olamfik. Na lura duk wanda ya karɓi labarin daga bakina sai ya ƙara masa gishiri, alhali ni na riga na zuba wanda ya isa. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina.

Sana'ata sayar da tocila da batir a Kano. Yayana kuwa, Yaya Baushe, yana can ƙauyenmu ta wajen Ningi, manomi ne kuma maharbi tun ina yawo ba wando. A shekarar nan wani gadu ya saka gonar rogonsa a gaba. Ga wanda ya tashi a birni, gadu shi ne aladen daji, mai haure biyu a murɗe da fuska kamar an fasa turmi. Wannan kuwa girmansa ya kai jaki. To, ɗan jaki. Yaya ya taɓa harbinsa da tsohuwar bindigarsa adaka, aka yi rashin sa'a ɗurin da ke ciki na harbin 'yar dabbar nan yanyawa ne, ƙananan ƙarafa kamar tsaba. Suka tsinke masa kunne ɗaya, ya tafi da sauran jikinsa lafiya lau da kuma gaba a zuciya. Daga ranar ya daina cin rogon kowa sai na Yaya. Rogon nan shi ne abincin gidan har kaka ta zagayo, kuma Yaya, da gwiwarsa da ba ta lanƙwasuwa, ya rantse in rogo ya fara ƙosawa gadun bai bari ba, zai koma ya tare shi da adakar nan.

Da na je sallama na ce zan tafi Chana sarin tocila, sai ya ja ni bayan rumbu. Ya kwance wani tsumma, ga ƙwayar dawa, ga gurjiya, ga ƙwallon aduwa.

"Ni ban san lambobin da masu bindigar bature ke faɗa ba," in ji shi. "Dawa ta yanyawa ce, don kada fata ta lalace. Gurjiya ta barewa. Aduwa kuwa ta mutumina ce. Ka samo min bindigar da makogwaronta zai haɗiye wannan, da harsashinta."

Na bugi ƙirji a gaban matansa da 'ya'yansa na ce an gama. Ƙasar da take ƙera allura take ƙera jirgi, kuma kowa ya san yadda ake ciniki da su: ka ajiye samfur a kan tebur, gobe ka tarar da dubunsa. Na cusa ƙwayoyin a naɗin hulata na kama hanya.

Biza a shekarar ta yi wuya saboda wasannin Olamfik da ake yi a ƙasar. Sun nemi takardar otal, sun nemi tikitin dawowa, saura kaɗan su nemi sunan ungozomar da ta yanke min cibiya. Daga Kano na bi mota zuwa Legas, daga Legas jirgi zuwa Addis Ababa, daga nan kuma aka sa mu a wani da ya yi ta tafiya har na fara zargin direban ya ɓata ne yana jin kunyar tambaya. Ƙafafuna suka kumbura, takalmin da na shiga da shi a ƙafa da shi na fita a hannu.

A filin jirgin Guangzhou wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna kusa da jakata cikin ladabi, kamar ya zo gaisuwa. Jami'in kwastan ya buɗe. Kuka ya shinshina ya yi atishawa, yaji ya shinshina ya yi hawaye, kilishi kuwa ya ɗaga shi sama yana dubawa ta hasken fitila kamar mai duba hoton ƙashi a asibiti. Ya ce nama ba ya shiga. Na yi bankwana da kilishina ina ji ina gani. Hula dai ba wanda ya taɓa, na wuce da makamaina uku a ka.

Wanda ya tarye ni Alhaji Isuhu ne, mutumin Maraɗi mai sarin yadi da takalma, ya daɗe a garin har yana ciniki da yarensu. Ya kai ni wani masauki a unguwar Xiaobei inda baƙaƙen fata suka fi yawa. Ɗakin, in na miƙe hannu biyu, bangon gabas da na yamma duk na gaishe su. Ya ja min kunne tun a bakin ƙofa.

"Alaji, hwaspo ɗinka kullum cikin aljihu. Wagga shekara ba wasa, ko'ina jandarma. Ka jiya?"

Na ce na ji. Maganar bindiga kuwa ban yi masa ba. Na san mutanen Maraɗi, da ya ji akwai kasuwa a ciki kafin in juya ya cika kwantena biyu.

Garin zafi ne da shi irin na tukunyar dambu, ba rana ce ke dukanka ba, turara ka ake yi. Maza su naɗe riga zuwa ƙirji su saki tumbi yana shan iska, mata kuma lema a hannu ba ruwa ba hadari. Ka shiga gidan abinci kana haki sai a kawo maka ruwan zafi a kofi. Na tambayi Isuhu ko alwala ake nufi, ya ce sha za ka yi, wai sanyi na ɓata ciki. Abinci kuwa wajen Musulminsu masu fararen huluna muke ci, inda mutum zai kama curin fulawa ya ja, ya ninka, ya ja, kafin ka ƙifta ya zama taliya. Aka ba ni tsinke biyu. Na yi kokawa da taliyar nan har ta huce, daga ƙarshe na ce bismillahi na sa hannu. Duk shagon aka daina kallon masu tsalle-tsalle a talabijin aka koma kallona.

Ranar da Isuhu ya tafi kasuwar Baima duba riguna, ni kuma na saci jiki na shiga kasuwa neman saƙon Yaya. Kalmomi uku Isuhu ya koya min: nihau gaisuwa, sheshe godiya, lauban mai shago. Ta huɗu ni na koya da kaina, wato meyo, babu, don ita na fi ji.

Shagon farko na ajiye ƙwayoyina a kan gilashi. Lauban ya juya aduwar, ya auna ta da wani ɗan ƙarfe, ya shige ciki ya fito da carbi, ƙwayarsa daidai ita ba ragi. Ya turo min kalkuleta yana tambayar kwali nawa. Na biyu ya kawo maɓallan riga. Na uku ya kawo ƙwallayen ƙarfe na cikin gargaren keke, manya da ƙanana, na ce a raina mun fara kusantar gari. Daga nan na hau bene, sai ga shago bango guda bindigogi ne a rataye, dogaye da gajeru, baƙaƙe wuluk. Na ce Yaya, gadunka ya mutu. Na miƙa hannu biyu na tattaro ƙarfi na ɗauki mafi girma, sai ta tashi sama kamar karan dawa. Roba ce. Na danna kunamar, ta kunna fitila ja tana waƙa.

Na ce wa lauban ba wannan ba, ta gaske. Bai gane ba. To ni mutum ne mai bayani. Na tura yatsu biyu gefen baki na yi haure, na sunkuya na yi gurnani na zagaya shagon. Sannan na miƙe, na kafa kafaɗa, na rufe ido ɗaya, na saita hannu wajen ƙofa na ce dam. Allah ya sa daidai lokacin masu gadin kasuwa biyu ne a ƙofar, da jan ƙyalle a damtse. Lauban ya ɗaga hannu sama yana ta "meyo, meyo, meyo" kamar akuyar da aka taka.

Ba su kama ni ba, wannan ƙarin gishirin mutane ne. Rakiya suka yi min zuwa wani ɗaki, suka ba ni kujera da ruwan zafi, suka karɓi fasfo suna juya shi. Aka kira Isuhu a waya. Ya iso jiƙe da gumi, ya yi ta magana da su yana nuna ni yana taɓa gefen kansa. Daga ƙarshe ɗaya ya ce in sake yin gadun. Na sake. Ya kira abokan aikinsa, na sake yi musu. Suka miƙo min fasfo suna share hawayen dariya.

A waje Isuhu ya tsaya ya dube ni daga hula har takalmi.

"Alaji, mi na yi maka? Nan ƙasar ko bindigar harbin tsuntsu aka gani gidanka, kaso za ka tahi. Kai kuma ka zo cikin Olamfik kana harbin masu gadi."

"Ai samfur na kawo."

"Samhur. Da ka hwaɗi mini tun Kano da na ce ka zamna gida."

Abin dariya ne, amma da na koma ɗaki na zauna na yi lissafi. Na bugi ƙirji a gaban iyalin yayana, rogo na can yana ƙosawa, kuma na san Yaya ba ya rantsuwa ya fasa.

Ranar Juma'a muka je Masallacin Huaisheng, tsohon masallaci mai farar hasumiya kamar an kafa alli. Sahu ɗaya ga Basine, ga Balarabe, ga mutumin Kumasi, ga ɗaliban Zariya da Yamai. Kafin a sallame labarina ya riga ni fita. A bakin titi, inda ake sayar da tsire da gurasa, aka yi min da'ira, kuma nan take duk ɗan kasuwar da bai taɓa kashe ko ƙadangare ba ya zama sarkin baka. Wani ya ce babban harsashi ɗaya ya isa komai, daga zomo har giwa. Wani ya ce in ka harbi yanyawa da shi sai dai ka tsinci wutsiya. Wani Bazabarme ya ce kakansa da tsakuwa yake kashe gadu. Aka yi ta musu har tsire ya ƙare, ba wanda ya ce min ga inda zan dosa.

Washegari muka je abin da ya kawo ni na asali, sarin tocila. Lauban ɗin mace ce, Madam Chen, mai saurin magana kamar ana soya gyaɗa. A ƙuryar shagon wani tsoho na zaune da singileti, gabansa ɗan tebur da butar shayi da kofuna ƙanana kamar murfin kwalba. Mahaifinta ne, ta ɗauko shi daga ƙauyensu na kan duwatsu ya huta. Isuhu, da yake ba ya iya riƙe abin dariya, ya kwashe labarina ya ba Madam. Tana dariya tana juya wa tsohon da yarensu na gida. Shi bai yi dariya ba. Ya yafito ni.

Na zauna, ya zuba min shayi. Isuhu ya raɗa min in ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, haka suke godiya in an zuba. A gidanmu ka ƙwanƙwasa wa dattijo tebur sai an tara maka dangi, amma na yi, tsoho ya gyaɗa kai. Na ciro ƙwayoyin daga hula na zuba masa. Ya jera su da ɗan yatsa. Ya taɓa dawar, ya ɗora hannu biyu a ka ya yi kunnuwa masu tsini. Ya taɓa gurjiyar ya yi ƙaho. Ya ɗauki aduwar ya jinjina ta a tafin hannu, ya tura yatsu biyu gefen baki. Wallahi haurensa ya fi nawa kyau.

Daga nan hira ta kankama, daga bakinsa zuwa na Madam, zuwa na Isuhu, zuwa kunnena. Ya ce wanda ya zaɓi ƙwayoyin nan maharbi ne, a gaishe shi. Ya ce ƙaramar dabba in ka ba ta babban harsashi ka yi asarar fata, barewa tana son matsakaici mai tafiya a miƙe, amma aladen daji kafaɗarsa kamar an daɓe ta, ƙaramin harsashi tsokana ce kawai. Sai ya naɗe ƙafar wandonsa. Tabo ne tun daga idon sawu har gwiwa, fari, a murɗe. Ya ɗauki gurjiyar ya ɗora a kan tabon. Ba sai an fassara min ba.

Na ba shi labarin kunnen da Yaya ya tsinke. Ya girgiza kai ya ce wanda aka taɓa raunatawa shi ne ba a tara, ko da aduwar ce a hannu, balle mai ciwon gwiwa.

"To Baba ina tasa bindigar?" na tambaya.

Ya ce shekaru da yawa da suka wuce hukuma ta tattara bindigogi, shi ma ya kai tasa. Aladun kuwa ba wanda ya tattara su, suna nan suna cin dankalinsu.

"To yaya suke yi?"

Tsoho ya tashi yana ɗingishi, ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da 'yar lasifika ja, irin wadda masu talla ke naɗar murya a ciki ta yi ta maimaitawa. Ya ɗauki murfin tukunya da cokali, ya danna, ya yi ta bugawa yana ihu da wata murya da ban zaci tana cikin ƙirjin nan ba. Ya sake dannawa. Lasifika ta amsa, maƙwabtan shago suka leƙo. Ya ce a rataye ta a gona, a rufa mata roba saboda ruwa, a riƙa canza mata wuri. Abu ɗaya ya nanata har Madam ta gaji da fassara: in ya saba da murya, a canza murya. Alade ba ya tsoron ƙara, mutum yake tsoro.

Murna ta sa na ƙwanƙwasa teburin nan har kofuna suka yi tsalle. Na ba shi hulata, ya ba ni ganyen shayi, ya roƙi aduwar na ce ta Yaya ce, sai ya haƙura da gurjiya.

Tocilolina aka kai tashar jiragen ruwa ta Nansha, inda kwantenoni ke jibge kamar an gina Kano da akwatuna. Amma jirgin ruwa sai ya yi makonni, rogo ba zai jira ba. Don haka lasifikun da na saya, har da mai muryar tsohon, a jakar hannu na zuba su, na bar wa Isuhu rigunan da na saya wa uwargida a Baima ya turo daga baya. Wannan shari'ar har yau ba a rufe ta ba. A Addis Ababa kuma wani ya jingina da jakata, sai ga tsoho Chen yana ihu yana buga murfi a tsakiyar masu jiran jirgi. Wata mata ta jefar da kofinta. Na yi ta laluben maɓalli ina cewa sheshe, don duk sauran kalmomin sun gudu.

Ban kwana biyu a Kano ba na wuce ƙauye. Yaya Baushe ya juya lasifikar a hannu, ya leƙa bakinta, ya dube ni.

"Garba, bindiga na aike ka ko tallan maganin basir?"

Na ba shi labarin tabon tsoho da gurjiya. Ya shafa gwiwarsa. Ya ce zai ba abin nawa mako guda, in bai yi ba adaka tana nan.

Muka rataye a bishiyar kaɗanya. Kwanakin farko da safe ba sawu ko ɗaya, na fara tafiya a ƙauye ina buɗa hannu. Sai wata safiya muka tarar an tone kunya uku, a gindin kaɗanyar ma ya zauna ya ci, tsoho Chen na ta ihu a kansa. Muka naɗi haushin karnuka. Ya ɗaga ƙafa kwana biyu ya dawo da iyalinsa. Na ga Yaya ya sauko da adaka yana goge ta da man gyaɗa, matansa sun yi cirko-cirko.

Da la'asar ɗin ranar mutane suka taru a ƙofar gida suka ce in ba su labarin Chana. Ni kuwa ko a makabarta aka ce in ba da labari sai na gyara zama. Na fara tun daga karen filin jirgi. Na lura Yaya ya zauna kusa da ni da lasifika a cinya, na ɗauka gyara yake. Na yi musu taliya, na yi musu masu gadi, na tashi na yi gadun da kansa har da gurnani.

Da safe muka nufi gona. Tun daga nesa na ji wani mutum yana surutu shi kaɗai a cikin rogo, yana rantsuwa yana ƙyaƙyata dariya. Na ce Yaya, wane mahaukaci ne a gonarka. Ya ce matsa ka ji. Ni ne, ina cewa girmansa ya kai jaki.

Sawun gadu ya zo har bakin gona, ya tsaya, ya juya. Daga yadda ƙasa ta tarwatse, da gudu ya koma. Washegari haka. Yaya ya hana ni komawa Kano sai da ya cika duk lasifikun da hirata, kowacce da labarinta, yana canzawa. Ya ce tsohon ya yi gaskiya, sai dai ni ba a sabawa da ni, shekara hamsin yana gwadawa.

An haƙe rogo lafiya, adaka ta koma saman rumbu. Da na je ganin amfanin, Yaya ya sa aka dafa min manya-manya da ƙuli, ya zauna yana kallona ina ci. Can ya kwance tsummansa ya fito da dawar da aduwar da na mayar masa.

"Dawa ta yanyawa ce, wannan ban canza ba. Gurjiya ta barewa, tana Chana." Ya jefa aduwar bayan danga. "Gadu kuwa, ashe tun tuni awonsa na gidanmu, muna ta ce masa ya yi shiru."